Mu Koyi Turanci: "Get the ball rolling"

Iyaye da 'yan makaranta, darasinmu na wannan fitowa a kan wani salon magana ne na Turanci da akan ji a wurin taro, irinsa kuma yakan fito a jarrabawar WAEC da NECO. Wanda ya bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya zai zaci zancen wasan ƙwallo ake yi, alhali kuwa ba haka ba ne.

Ma'anarsa

"Get the ball rolling" shi ne mutum ya yi yunƙurin farko a kan wani aiki domin sauran jama'a su biyo baya. Bahaushe zai ce "buɗe fage". Abu mai nauyi turin farko ne wuyarsa. Da ya soma mirginawa, kowa sai ya sa hannu.

Asalinsa

Zancen mirgina ƙwallo ya bazu a Amurka a 1840, lokacin yaƙin neman zaɓen William Henry Harrison. Magoya bayansa sun riƙa tura wani ƙaton ƙwallo daga gari zuwa gari. Nan ne "keep the ball rolling" ya yi suna, wato kada a bar aikin da aka fara ya tsaya.

Yadda ake amfani da shi

A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gwange da Kasuwar Monday, har fadar Shehun Borno. Gyaran madatsa aikin gwamnati ne, amma yashe magudanar ƙofar gida kafin damina namu ne. Sau da yawa kowa yakan zauna jiran maƙwabcinsa. A taron unguwa sai wani ya miƙe ya ce: "Let us get the ball rolling on Saturday." Wato, mu soma ranar Asabar.

A kiyaye abubuwa uku:
1. "The ball" ake cewa, ba "a ball" ba.
2. "Rolling" ake cewa, ba "to roll" ba.
3. In aikin ya wuce, "get" ya koma "got": "Mother got the ball rolling."

Ana iya sa "set" ko "start" a madadin "get", ma'ana ba ta sakewa.

Aikin gida

Kowane yaro ya rubuta jimla biyu, ɗaya da "get", ɗaya da "keep", ya karanta wa iyali da yamma. Sa'an nan ku zaɓi aiki ɗaya da kuka daɗe kuna ɗagawa, ku sa ranar farawa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.