Yadda A Ke Shirin Buɗe Asibitin Mishan

Kai mai karatu, in kana zaune a ƙasar Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa, ka san wahalar kai majinyaci wurin likita. Watakila kuma ka taɓa jin dattawa suna zancen asibitin Mishan. Mishan, watau ƙungiyar Kirista masu yaɗa addininsu, waɗanda su kan haɗa wa'azi da aikin magani da makaranta. To, bari ka ji abin da a ke tanada kafin a buɗe irin wannan asibiti, da yadda aka yi a ƙasashenmu.

Abu na fari shi ne izini, shi ne kuwa ya fi cin lokaci. A 1900 waɗansu Turawan Mishan na C.M.S. suka isa Kano, cikinsu har da Likita Miller, amma Sarkin Kano Alu ya sallame su. A 1903 Gwamna Lugga ya yi alkawari a Sakkwato, cewa Gwamnati ba za ta sa hannu cikin addinin mutane ba. Saboda wannan alkawari aka daɗe ana hana Mishan zama cikin ƙasashen Sarakunan Musulmi. Likita Miller ya sami zama a birnin Zariya a 1905, daga baya Mishan ta ƙaura Wusasa wajen 1929, aka kafa asibiti can. Ka lura da tsawon shekarun nan. Wanda ba shi da haƙuri ba ya wannan aiki.

A lardin Katsina kuturta ce ta buɗe ƙofa. A 1937, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka danƙa wa Mishan ta S.I.M. riƙon mazaunin kutare na Babbar Ruga, kamar yadda aka danƙa mata Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato. Ga yadda aka raba kaya: wurin na En'e ne, baitulmali na taimako da kuɗi, Mishan kuwa ta kawo likita da masu jinya. Amma da sharaɗi. Ba a yin wa'azi a kasuwa ko kusa da masallaci, ba a kuma koya wa yaron Musulmi addinin Kirista sai da yardar iyayensa. Waɗansu 'yan Mishan sun ga an matsa musu, waɗansu malamai kuwa sun ga an sake da yawa. Duk da haka sharaɗin ya yi amfani, gama majinyaci ba ya zuwa inda ya ke tsoron za a sayar masa da magani a bakin addininsa.

In an sami izini, sai neman wuri. A nan ne mutane da yawa kan yi kuskure, su ga fili mai kyau da damina su ce ya yi. Mai hankali ya kan fara da rijiya. A haƙa, a bar ta har bazara, lokacin da rafuka suka ƙafe. In ta riƙe ruwa cikin watan Afrilu, to, a soma gini. Asibiti na shan ruwa fiye da unguwa guda, don kullum ana wankin miki, da tufafi, da tafasa kayan aiki. Ƙasar Faskari akwai duwatsu, haƙa na da wuya a wurare da dama, tilas a duba wannan tun da wuri.

Sa'an nan hanya. Tun 1929 reluwe ya bi daga Zariya ta Funtuwa har Ƙauran Namoda, saboda haka a wancan zamani kayan gini da magani su kan sauka a Funtuwa. Daga nan fa? Garin da mota ba ta shiga da damina, asibitinsa na rabin shekara ne.

Gini shi ne mai sauƙi. A kan fara da ɗakin magani, da rumfa inda masu jiran likita za su zauna, da gidan ma'aikata. Ɗakin kwanciya na maza dabam, na mata dabam. Kada a manta da masaukin 'yan jinya, don a ƙasarmu ba a kawo mara lafiya shi kaɗai, sai da mai dafa masa abinci.

Mutane su ne asibiti, ba bango ba. Likita guda ba ya isa, ya kan gaji, ya kan yi ciwo, ya kan tafi hutu ƙasarsu. Tilas ya iya Hausa, ya kuma koya wa 'yan ƙasa yin allura da ɗaurin miki da auna magani. Tilas kuma a sami ungozoma, gama matan kulle ba su fito wa namiji. Makarantar Wusasa ce ta fitar da Barau Dikko, likita na farko daga Arewa. Asibitin ido na Kano, wanda Likita Hursh ya buɗe a 1943, har yanzu yana aiki a hannun Ikilisiyar ECWA, da likitoci 'yan ƙasa. Na Galmi kuwa, a ƙasar Nijar, an buɗe shi a 1950.

Sai magani da kuɗi. Da, man wani itace na ƙasar Hindu a ke yi wa kutare allura da shi, ga zafi, ga jinkirin warkewa, don haka a kan ajiye su shekaru a wuri guda. Wajen 1950 aka sami ƙwaya mai arha da a ke haɗiya, sai aka buɗe ƙananan ɗakunan magani cikin ƙauyuka, mutum ya karɓa ya koma gonarsa. Ka ga, in magani ya sake, shirin gini ma sai ya sake. Kuɗi kuwa, taimakon da ke zuwa daga Ingila da Amurka ba ya dawwama. In aka ce kome kyauta, asibiti ya mutu. In aka tsawwala, talaka ya koma gida. A kan sa kuɗi kaɗan, a ware wani abu domin wanda ba shi da ko anini.

Yau Razdan da En'e sun wuce. Jihar Katsina ta samu a 1987, izini yana hannun Ma'aikatar Lafiya ta jiha, likita kuma sai mai rajista. Amma har yanzu wanda ya tsallake hakimi da dagaci da limaman gari ya yi asarar tafiya. Akwai kuma wani abu da mutanen da ba su sa a lissafi ba, watau tsaro. A watan Disamba 1920 babu mai tunanin haka, amma a Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara. Mai shirin asibiti a wannan yanki sai ya tambayi kansa inda ma'aikata za su kwana, da yadda za a kawo mai naƙuda da dare, tun bai aza tubali ko ɗaya ba.