Ƙungiyarmu Na Neman Darewa Biyu

Tambaya: Malam, ni ne shugaban wata ƙungiyar manoman rani mai mambobi a Dutsin-Ma da Kurfi. Duk taron da muka yi sai gardama ta koma zage-zage. Na dakatar da mutum biyu, yanzu 'yan Kurfi na cewa an mayar da su saniyar ware, za su ɓalle. Ina mafita?
Wani makaranci, Dutsin-Ma.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ƙara maka haƙuri. A ganina abin da ya fi yi musu ciwo shi ne kai kaɗai ka yanke hukuncin, kuma daga Dutsin-Ma.

Dubi tsarin masarautar Katsina. Yandaka ne hakimin Dutsin-Ma, Maraɗi ne hakimin Kurfi, kowanne da dagatai da masu unguwanni a ƙarƙashinsa. Rigimar iyakar gona a gaban mai unguwa ake fara kashe ta, sai ta gagara take hawa sama. Ku yi koyi da haka: 'yan Kurfi su zaɓi dattawansu uku masu sasanta rikicinsu, ku ma ku zaɓi naku.

Sannan ku rubuta doka gajeriya, a karanta kowa ya ji: gargaɗi tukuna, sai tara, sai dakatarwa ta wata ɗaya. Zagi shi ne laifi. Wanda ya tambayi inda kuɗin taki ya shiga haƙƙinsa ya nema, kada ka taɓa hukunta shi.

Ka guji yanke hukunci cikin fushi. Mutum biyun nan kuwa, ka miƙa maganarsu ga dattawan, kuma taro mai zuwa ku yi shi a Kurfi.