Rage Ma'aikata Ya Rutsa da Marar Lafiya: Kada a Yi Gaggawar Sa Hannu

Tambaya: Yayata ta shekara tara tana aiki da wani kamfani a Ingila. Tana tsaka da jinyar ciwon daji aka ce za a rage ma'aikata, kuma har da ita. An turo mata takardar sulhu, wai ta sa hannu nan da kwana uku. Ni ce ke jinyarta. Yaya zan yi?

Amsa: Allah Ya ba ta lafiya, ke kuma Ya ba ki ladan jinya. Kada ta sa hannu tukuna. Takardar nan ciniki ce: kamfani ya ba ta kuɗi, ita kuma ta yafe haƙƙinta na kai ƙara kotun ma'aikata. Da zarar ta sa hannu, wannan ƙofa ta rufu. Sauri ya haifi nawa.

Kwana ukun nan matsin lamba ne kawai. Ka'idar hukumar sasanta rikicin aiki ta Acas ta ce a ba ma'aikaci aƙalla kwana 10 ya yi nazari. Haka kuma dokar haƙƙin ma'aikata ta 1996 ba ta amince da sulhun ba sai lauya ko jami'in ƙungiyar ƙwadago mai izini ya yi mata bayaninsa, kuma yawanci kamfani ke ba da gudummawar kuɗin lauyan. Ta rubuta musu wasiƙa ta nemi ƙarin lokaci, ta kuma ba ki izinin magana da yawunta.

Sai ki ware abin da doka ta riga ta ba ta daga abin da kamfani ya ƙara. Wanda ya cika shekara biyu yana da kuɗin sallama: albashin mako ɗaya kan kowace shekara tsakanin shekaru 22 zuwa 40 na haihuwa, mako ɗaya da rabi daga 41, kodayake albashin makon yana da iyaka. Tana kuma da sanarwar mako tara ko kuɗinta, da kuɗin hutun da ba ta ci ba. Duk waɗannan nata ne ko ba sulhu. A kan ƙarin ake ciniki.

Ƙarfinta yana cikin dokar daidaito ta 2010, wadda ta sanya mai ciwon daji cikin masu kariya tun ranar da likita ya gano cutar. Ki nemi takardar makin da aka bi wajen zaɓen waɗanda za a sallama. Idan an rage mata maki saboda kwanakin da take asibiti, ana iya ɗaukar hakan wariya, kuma diyyar wariya ba ta da iyaka a doka.

Kafin ta amince da adadi, ki tono kwantiragin aikinta. Akwai inshorar da ke biyan albashi lokacin doguwar jinya? Akwai ta asibiti, ko fanshon ritayar rashin lafiya? Sallama na iya yanke su, alhali wani lokaci sun fi kuɗin sulhun daraja. Fam 30,000 na farko na kuɗin sallama galibi ba haraji, amma ajiyar da ta haura fam 16,000 tana hana samun tallafin Universal Credit. Idan kuma bizar aiki gare ta, ku ga lauyan shige da fice da wuri.

Ku lura da lokaci. Idan za a kai ƙara, ku ɗauka wa'adin sanar da Acas wata uku ne ba kwana ɗaya daga ranar sallama, kuma ɗaukaka ƙorafi a cikin kamfani ba ya tsayar da lissafin.

'Yar uwa, ki haɗa takardun asibiti, na albashi da wasiƙun kamfani a jaka ɗaya, ki kai wa lauyan ƙwadago cikin makon nan. Ke ki riƙe takardun, ita ta ji da magani.