Darasi: Shuka Irin Bagaruwa a Daji

'Yan'uwa manoma, majeman Sakkwato da bagaruwa suke jeme fatun awaki, ga shi kuwa itatuwanta suna ƙarewa a murhu. Yaya za mu mayar da su?

Waɗansunmu sukan watsa iri a ƙasa su tafi. Ba wuya, amma ɓawonsa da tauri, ruwa ba ya ratsa shi da wuri. Ɓeraye su ci, ruwan sama ya kwashe saura. Reno cikin leda kuwa sai da ban ruwa duk bazara, in ya daɗe kuma saiwar takan naɗe.

Mu dai mun fi son rami. A tafasa ruwa, a sauke, a zuba irin ya kwana. Da safe a zaɓi waɗanda suka kumbura, a binne uku uku, zurfin inci 1, bayan damina ta zauna a Yuli. Irin da aka tsinta cikin kashin awaki ba ya bukatar jiƙo, cikin akuya ya riga ya tausasa shi. Ita ce kuma za ta cinye tsiron, saboda haka a kewaye kowane rami da ƙaya har ya fi ƙarfin bakinta.