Yadda ake kulle saƙon WhatsApp daga Maijirgi zuwa Kano

A ce uwa a Maijirgi, cikin ƙasar Tasawa, ta ɗauki salula ta aika wa ɗanta murya yana cin rani a Kano. Muryar za ta bi ta eriyar Airtel ko Moov ko Zamani, ta ratsa kwamfutocin kamfanin Meta mai WhatsApp, kafin ta isa. Duk hannuwan nan babu mai jin abin da ta faɗa.

Tun ranar da aka saka WhatsApp, kowace salula takan ƙera wa kanta lambobi biyu masu tsawo waɗanda lissafi ya ɗaure da juna. Ta fili a ajiye wajen kamfani, kowa ya ɗauka. Ta sirri kuwa ba ta barin cikin salular.

Sai salular uwa ta karɓo lambar fili ta ɗanta, ta gauraya da tata ta sirri. Ta ɗan ma ta yi haka da ta uwar. Nan gwanintar take: su biyun amsa ɗaya za su samu, alhali amsar ba ta taɓa bin hanya ba. Mai laɓe ya ga lambobin fili, amma ba ya iya komawa baya ya ciro na sirri. Kamar fura da nono ne, damawa ba wuya, rabawa bayan an dama ita ce aiki. Whitfield Diffie da Martin Hellman suka bayyana wannan dabara a Amurka a 1976.

Daga wannan amsa ake fitar da makulli, wani tsari mai suna AES ya yamutsa muryar da shi ta zama tarkacen lambobi. Kowane saƙo da nasa sabon makulli, don in ɗaya ya faɗa hannun wani, sauran su tsira. Da ya isa Kano, salular ɗan ta warware shi. WhatsApp ya kammala shimfiɗa wannan tsari ga kowa a 2016.

Amma fa ba komai ne ya ɓuya ba. Kamfani ya san wa ya yi magana da wa, da kuma yaushe. Kuma a ganina ɓarna ta fi shigowa ta bakin ƙofa: salular da aka bari a buɗe wajen mai caji, ko lambobi 6 da ke zuwa ta SMS lokacin rajista. Duk wanda ya kira ka ya nemi waɗannan lambobi, ko ya ce daga kamfani yake, kada ka ba shi.