Iyakar juyin injin tsohuwar Hilux

Wani mai sauraronmu daga Funtuwa, mai dakon hatsi da tsohuwar Hilux mai shan dizal, yana tambaya: ina ne iyakar juyin da injinta zai ɗauka lafiya?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Dubi agogon nan mai lambobi 1, 2, 3 da ke kusa da na gudu. Kowace lamba juyi dubu ce a minti ɗaya. Injin Toyota 3L mai lita 2.8, irin na tsohuwar Hilux, yana kai ƙarshen ƙarfinsa a juyi 4,000, amma ƙarfin jan kaya yana wajen 2,400 ne. Saboda haka a doguwar tafiya ka tsaya tsakanin 2,000 da 3,000. Abin da ya haura haka, ƙara ce da ɓarnar mai, balle injin da ya sha aiki.

Famfon dizal yana da na'urar da ke rage mai idan juyin injin ya yi yawa. Sai dai ba ta da iko a gangara: ka saka ƙaramar giya mota na gudu da lodi, tayoyi ne za su juya injin har ya wuce jan layin agogon, bawul ko kwanrod ya tafi. Taka birki tukuna, sannan ka sauko da giya.

Da safe kuma, a bari baƙin mai ya zagaya kafin a matsa wa motar.