Ba Duk Mai Biyan Kuɗin Ɗaki Doka Ke Karewa Ba

A wannan ɗan rubutu zan duba Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011, domin in nuna waɗanda ba ta shafa ba. Dokar ta hana mai gida karɓar kuɗin fiye da shekara 1 daga sabon ɗan haya, ta kuma ce a ba mai biya shekara-shekara notis na wata 6 kafin a tashe shi.

Sai dai tun a sashe na 1 ta cire ɗakunan da makaranta ta mallaka ko take gudanarwa domin ɗalibanta da ma'aikatanta. Wato mu da ke kwana a ɗakunan jami'a, ko da mun biya kuɗin gado, ba za mu fake da ita ba. Ɗan'uwanmu da ya kama haya a cikin gari kuwa tana kare shi. Haka nan ta cire masaukin gaggawa da ɗakunan asibiti da gidajen jinya.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne unguwanni 4 da ta ware: Apapa da Ikeja GRA da Ikoyi da Victoria Island. Ɗan haya a Agege zai iya kafa hujja da ita a kotu, na Ikoyi kuwa sai ya dogara da takardar yarjejeniyarsa da tsofaffin dokoki.